Suga ko sukari? Tafiyar kalmar sugar daga tsakuwar Indiya zuwa teburin mai shayi

Kwanakin baya a teburin mai shayin unguwarmu aka yi wata gardama da har yanzu take min yawo a kai. Wani yaro ne ya ce a ƙara masa siga, sai wani dattijo da ke gefe yana ta fifita shayinsa tsakanin kofi biyu ya ɗago ya ce, kai yaro, sukari ake cewa, ku yaran yanzu kun bar Hausar iyayenku kun kama ta Nasara. Yaron ya ce to Baba ai shi ma sukarin Larabci ne. Daga nan fa wuri ya rikice, kowa da nasa, har da mai cewa ai dama Turawa duk kalmominsu na kirki wajen Larabawa suka sato. Ni dai ban tanka ba don biredina ya riga ya jiƙe, amma gaskiyar magana ita ce Baba da yaron nan kalma ɗaya suke faɗa. Tafiya ce kawai ta raba su, ɗaya ta biyo sahara a bayan raƙumi, ɗaya ta zagaya ta Turai ta biyo teku. Kuma asalinta ba na Bature ba ne, ba kuma na Balarabe ba.

Kalma kamar bafatake take, duk zangon da ta kwana sai an yi mata wani tsage a fuska, in ka iya karatun tsagen sai ka faɗi garuruwan da ta ratsa ko da babu wanda ya rubuta maka tarihinta. Wannan kalmar ta Turanci, sugar, fuskarta cike take da tsage.

Zangon farko Indiya ne. A harshen Sanskirit, wato tsohon harshen malaman Indiya, akwai kalmar sharkara, kuma ma'anarta ta fari ba ta da alaƙa da zaƙi ko kaɗan, tsakuwa take nufi, irin ƙananan tsakuwoyi ko yashi mai gautsi. Shi kansa rake ba a Indiya ya samo asali ba, a tsibirin Niyugini aka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce, mutane suna shan sa kamar yadda muke sha a bakin kasuwa a tofar da ɓawo. Abin da Indiyawa suka ƙara shi ne dabarar matse ruwan, a dafa shi ya yi kauri, a bar shi ya daskare ya zama ƙwayoyi. To da suka duba abin da ya fito sai suka ga ai da tsakuwa ya yi kama, sai suka kira shi da sunan tsakuwa. Ka ga ba ɗanɗano suka duba ba wajen raɗin suna, kama suka duba, kamar yadda mu ma muke ce wa dunƙulen ƙanƙarar firij ƙanƙara don ta yi kama da wadda ke faɗowa daga sama. A harsunan talakawa na Indiyar wancan zamani, irin su Pali, kalmar ta lanƙwashe ta koma sakkhara, a riƙe wannan don zai dawo.

Girkawa sun ji labarin abin tun da wuri amma a nesa. Kwamandan jiragen ruwan Iskandar mai girma, Niyarkus, wanda ya bi gaɓar Indiya wajen shekara ta 325 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wani kara mai ba da zuma ba tare da ƙudan zuma ba. Daga baya a ƙarni na 1 wani likita Bagirke, Diyoskorides, ya rubuta cewa akwai wata irin daskararriyar zuma da ake kira sakkharon, ana samun ta a cikin kara a Indiya, kamar gishiri take, tana ƙurmushewa a haƙori. A wajensu magani ce da ake kawowa kaɗan kaɗan, ba abin zubawa a koko ba. Wannan reshen na Girkanci bai zama kalmar yau da kullum a Turai ta yamma ba, sai ya kwanta a cikin littattafan likitoci, kuma shi ma zai dawo mana a ƙarshe ta wata ƙofa.

Reshen da ya haifi sugar ta Farisa ya bi. Farisawa sun karɓi noman rake da kalmar gaba ɗaya, suka ce shakar, kuma yankin Khuzistan ya yi suna sosai wajen tace shi. Da Musulmi suka ci Farisa, yaƙin Ƙadisiyya a 636 sannan Nahawand a 642, sai suka gaji gonakin da masu sana'ar da sunan, a bakin Balarabe shakar ta zama sukkar. Daga nan duk inda daular Musulunci ta kai kuma akwai ruwan ban ruwa sai rake ya bi, Masar, Sham, Sisili, kudancin Andalus, kwarin Sus na Maroko. Masar ma ta ƙware har ta kai a Indiya, mahaifar abin, ana kiran sukari mai manyan ƙwayoyi da misri wato na Masar, farin kuma chini wato na Sin. Wannan abin yana ba ni dariya, mai gida ya wayi gari yana kiran ɗansa da sunan baƙi.

A nan sai a yi hattara da wani rami da masu son komai ya zama daga Larabci suke yawan faɗawa. Za ka ji wani ya ce ai sukkar daga tushen sin, kaf, ra take, har ya kawo maka ayar Suratun Nahli ta 67 inda aka ce sakaran wa rizƙan hasanan. Wannan sakar ɗin abin maye ne da ake yi da dabino da inabi, ɗan'uwan sakran ne wato wanda ya bugu, tsohuwar kalma ce ta harsunan Larabawa da Yahudawa, ba ta haɗa komai da tsakuwar Indiya ba sai kamar sauti. Abin mamakin ma shi ne ita ma ta shiga Turanci ta tata hanyar, shekar ta Ibrananci ta shiga Girkanci a fassarar Attaura a matsayin sikera, ta bi Latin da Faransanci ta zama cider, abin shan da suke yi da tuffa. Haka masu haɗa ta da shukur wai don zaƙi abin godiya ne, magana ce mai daɗin ji amma babu hujja a ƙarƙashinta. Kama da wane ba ta wane.

To yanzu Turai. A nan ne tsagen ya fi fitowa ɓaro ɓaro, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa saboda mu ma mun yi irin abin. Mutanen Sifaniya suna cewa azúcar, na Fotugal açúcar, da wani a a gaba. Mutanen Italiya kuma zucchero, babu a. Wannan a ɗin alif da lam ne na Larabci, as-sukkar, inda lam ɗin ya narke cikin sin don harafin shamsiyya ne kamar yadda kowane ɗan makarantar allo ya sani. Mutanen Andalus sun zauna da Larabawa kusan shekara 800, daga 711 zuwa 1492, sai suka haɗiye kalmar da al ɗinta duka, daidai yadda muka yi da alƙali da albasa da alƙalami da Asabar, wadda ita ma as-sabt ce lam ɗinta ya narke. Ita kuwa ta Italiya, wadda ta bi ta Sisili da tashoshin jiragen 'yan kasuwa, tsirara ta shigo ba al. Don haka da ka ga sucre na Faransa, Zucker na Jamus, sugar na Ingila duk babu a a gaba, ka san ta ƙofar Italiya suka fito ba ta Andalus ba. Kuma ya yi daidai da tarihin ciniki, domin 'yan kasuwar birnin Banis na Italiya su ne manyan dillalan sukari na wancan lokacin, suna saro shi a Iskandariya da gaɓar Sham, daga baya har gonaki suka mallaka a tsibirin Kuburus. Mayaƙan Salibiyya ma sun tarar da gonakin rake a Sham sun koma gida da labari.

A Ingila kalmar ta fara bayyana cikin rubutun Turanci ne a ƙarshen ƙarni na 13, daga Faransanci, abin da ba mamaki tunda tun cin da Normawa na arewacin Faransa suka yi wa ƙasar a 1066 fada da manyan gida Faransanci suke yi, kuma sukari abin fada ne. A 1226 sarki Henri na uku sai da ya aika wa magajin garin Winchesta ya nemo masa ɗan abin da bai kai kilo biyu ba na sukarin Iskandariya, sarki guda fa. Talaka kuwa zuma ce zaƙinsa in ya samu. A lokacin ba a daidaita rubutu ba, kowa yadda ya ga dama yake rubutawa, sucre, sugre, suger, kamar yadda mu yanzu a Facebook wani zai rubuta suga wani siga wani shuga. A wannan tsakanin ne k ɗin tsakiya ta yi laushi ta koma g, irin abin da ya faru da flacon na Faransa da ya zama flagon a Ingila.

Sai tambayar da duk ɗan firamare ya taɓa yi wa malaminsa ya sha tsawa: me ya sa ake rubuta s amma a karanta sh? Amsar tana cikin wasalin u na Faransanci, wanda ake yi da tsuke baki kamar mai shirin fito, bakin Ingilishi bai iya shi ba sai ya mayar da shi yu. Kenan an ɗauki lokaci ana cewa wani abu kamar siyuga. To s da y idan suka haɗu a baki kuma ana sauri, harshe yakan ja baya su narke su zama sh, wannan ya faru a Turanci wajen ƙarni na 16 zuwa na 17. Mu ma muna da wannan doka a Hausa muna binta kullum ba mu sani ba, Hausa amma Bahaushe, fasa amma fashe, gasa amma gashi, s ɗin ce take komawa sh idan i ko e ya biyo ta. A Turanci abin ya so ya mamaye kalmomi da yawa, har ƙarni na 18 akwai masu fara suit da supreme da sh, sai masu koyar da lafazi suka ja su suka koma bin rubutu, amma sugar da sure sun riga sun zauna a bakin kowa ba su juyu ba. Ka duba ikon Allah, kalma ta fara da sh a Indiya da Farisa, Larabawa suka mayar da ita s, ta ratsa Italiya da Faransa, sai kuma Ingilishi suka dawo da sh ɗin bisa kuskuren baki, ba tare da sun san kakanta haka yake ba.

Abin da ya sauko da kalmar daga fada zuwa bakin talaka kuwa ba labari ne mai zaƙi ba. Kafin sukarin nahiyar Amurka ya mamaye kasuwa, Ingila na sayen sukari mai yawa daga Maroko, har sarauniya Elizabet ta farko ta ba wa kamfanin cinikin Barbari, wato gaɓar Arewacin Afirka, izini a 1585, kuma sarkin Marokon da suke ciniki da shi, Ahmad al-Mansur, shi ne dai wanda rundunarsa ta ƙetare sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Ita sarauniyar ma wani baƙo Bajamushe da ya gan ta a 1598 ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya ɗora laifin kan yawan shan sukarin Ingilishi. Amma a lokacin tuni Fotugal ta dasa rake a tsibiran Madera da Sawo Tome sannan Burazil, Kolombos ya kai shi tsibiran Karebiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493, Ingilishi kuma suka mayar da tsibirin Barbados gonar rake daga shekarun 1640. Rake aiki ne mai cin rai, da an sare shi dole a matse a dafa cikin kwana ɗaya ko biyu in ba haka ba ya yi tsami, saboda haka injin matsa da tukwanen dahuwa ba sa tsayawa dare da rana lokacin girbi. Hannun da ya yi wannan aikin na bayi ne daga Afirka, mutum kusan miliyan 12 da rabi aka loda a jirage cikin ƙarnukan cinikin, kuma kaso mafi tsoka yankunan rake aka kai su. A 1700 ɗan Ingila ɗaya bai fi shan kilo 2 ba a shekara, zuwa 1800 ya kai wajen kilo 8, da yawansa a cikin shayi.

Kuma wannan bai tsallake mu ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe yaƙen jihadi, an sayar da Hausawa da yawa zuwa Bahiya ta Burazil, yankin da tattalin arzikinsa ya dogara da rake, su ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807 da wasu da suka biyo baya, sannan a babban tawayen Musulmi na 1835 a birnin Salbado, wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki, akwai Hausawa. Wato akwai Bahaushen da ya ji kalmar nan da sigarta ta açúcar daga bakin mai bulala, shekaru da dama kafin wani ya ji ta da sigar sugar a Kano.

To mu dawo gida. Sukari, ko sukar kamar yadda wasu ke cewa, kai tsaye daga Larabci muka same ta, k ɗinta da r ɗinta suna nan daram, irin ta ce kuma Sawahili suke da ita, sukari. Ba mu haɗa da al ba a wannan karon duk da mun yi hakan a ɗaruruwan kalmomi. Suga kuwa ta Ingilishi ce, ga g ɗin nan da aka yi mata a Ingila, sannan ga r ɗin ƙarshe ta ɓace, wanda shi ne babban tsagen da ke nuna ta kunne muka ɗauka daga bakin Turawan Birtaniya masu haɗiye r a ƙarshen kalma, ba daga takarda ba. Duba 'yan'uwanta da suka shigo zamani ɗaya, mota, direba, tela, lauya, kafinta, fasinja, dukkansu da r suke ƙarewa a rubutun Turanci amma mu a muka ji. Da a ce Amurkawa ne suka yi mana mulkin mallaka da wataƙila motar da telar muke cewa ko ba na mace ba. Su siga da sikari kuma wannan namu ne na cikin gida, gajeren u da i suna yawan musanya wuri a bakinmu, biki da buki, suruki da siriki. Dalilin da ya sa da yawa muke cewa suga da s maimakon shuga, alhali muna da sh a harshenmu kuma Yarabawa da sh ɗin suka ɗauka, a ganina sukarin da ya riga zuwa ne ya ja ƙanensa ya yi kama da shi. A Nijar da Faransanci ya yi mulki ba a sami wannan rabuwar sosai ba tunda sucre na Faransa da sukar na Larabci kusan sauti ɗaya ne.

Don haka Baba yana da gaskiya ta fuskar wanda ya riga zuwa, yaron ma yana da gaskiya cewa shi ma wancan baƙo ne. Inda na ƙi yarda da Baba shi ne cewa wai ɗaya Hausa ce ɗaya ba Hausa ba, ai wanda ya shekara ɗari a gari yana aure yana haihuwa ba a ce masa baƙo. In ana neman wadda ba ta cikin wannan dangin to sai dai a koma ga mazarƙwaila, wadda manoman rake ke dafawa su zuba a mazubi ta daskare, kusan irin aikin da Indiyawan farko suka yi. Irin ta ta Indiya Turawa suna kiranta jaggery, kuma ita ma jikar sharkara ce, ta bi ta harshen Malayalam na kudancin Indiya zuwa bakin 'yan Fotugal. Shi ma shayin da aka yi gardamar a kansa haka yake da suna biyu a bakinmu, shayi ta hannun Larabawa, ti ta hannun Ingilishi, duk biyun kuma daga Sin suka taso, ɗaya daga cha, ɗaya daga te na mutanen gaɓar Fujiyan da Holandawa suka yi ciniki da su.

Saura reshen nan na Girkanci da na ce ya kwanta a littattafai. Latin ta ɗauke shi a matsayin saccharum, a 1753 masanin tsirrai Linniyas ya sa wa dangin rake wannan sunan a kimiyyance. Sai a 1879, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wani masanin sinadarai Konstantin Falbag da ke aiki a ɗakin binciken Ira Remsen ya gano wani sinadari da ya ninka sukari zaƙi sau ɗaruruwa alhali babu rake a cikinsa ko ɗigo, aka ɗauko tsohuwar kalmar nan aka raɗa masa saccharin. Shi ne sakarin ɗin da wasu masu zoɓo da ƙanƙarar leda suke sawa in buhun suga ya yi tsada, mai barin ɗan ɗaci a maƙogwaro bayan an sha. Kenan sau uku kalmar ta shigo mana, sukari, suga, sakarin. Baban nan ma da na lura ashe bai sa ko cokali ɗaya a nasa shayin ba, wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi ya ciro daga aljihu ya jefa guda biyu, ya ce likita ne ya hana shi, wai yana da ciwon siga.